KALLON KANGON FIR'AUNA: WA'AZI NE KO YAWON IDO?

A da can idan ka ji Bakano ya ce zai tafi Masar, to ɗayan biyu ne, ko dai karatu zai je a Azhar, ko kuwa ratse ne a kan hanyarsa ta zuwa aikin Hajji. Daga baya aka samu dalili na uku, wato ganin likita, har ta kai duk wanda ciwon ido ko na gwiwa ya matsa wa, in dai akwai hali, sai ka ji an ce an fita da shi Alƙahira. Yanzu kuma ga wani sabon yayi ya shigo. Magidanci ya kwashi matarsa da 'ya'yansa, wani har da tsohuwarsa, su shiga jirgin ruwa mai ɗakunan kwana, su yi kwana 4 ko 5 a kan Kogin Nilu suna yada zango gari-gari, ba don komai ba sai don kallon gidajen bautar mutanen Fir'auna. To shin wannan abu ne da mai hankali kuma mai tsoron Allah zai yi da dukiyarsa? In kuma har ya je ɗin, me ya kamata idonsa ya kalla?

Ba labarin wani zan ba ka ba, da ni aka je. A ƙarshen shekarar 2023 Yayana ya kai mahaifiyarmu Hajiya a duba mata ido a Alƙahira, ya kuma ce tunda yara suna hutu a tafi gaba ɗaya, idan likita ya sallame ta mu gangara kudu mu shiga jirgin nan daga Luksor zuwa Aswan, tafiyar kilomita 200 da ɗoriya. Shi ya biya komai, ni ɗan rakiya ne mai riƙe fasfo da kwalbar magani.

Kafin mu tashi muka je sallama wurin Baffanmu a zaurensa a nan Zaitawa. Da Yaya ya gama bayani, Baffa ya daɗe yana jan carbi bai ce uffan ba, can ya ce, "Maganin ido na ji, Allah Ya ba da lafiya. Amma kai Alhaji, gumaka za ka kai jikokina su gani? A wannan marra da kwanon masara ya gagari maƙwabcinka?" Ya tuna mana da labarin da duk ɗan makarantar zaure ya sani, cewa lokacin tafiyar Tabuka da rundunar Musulmi ta biyo ta Hijir, garin Samudawa, Manzon Allah (SAW) bai yarda a shiga gidajen waɗanda aka halaka ana wasa da dariya ba, ya rufe kansa ya gaggauta wucewa. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah Ya ƙara maka lafiya Baffa, ai wa'azi za mu je ɗauka, an umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu ga ƙarshen waɗanda suka gabace mu." Baffa ya ce, "An ce min jirgin har da wurin ninkaya a samansa. A cikin ruwan za ku ɗauki wa'azin?"

Aka yi dariya aka tashi, amma maganar ba ta dariya ba ce.

Bari mu fara da batun gumaka, domin a ganina shi ya fi sauƙi. Amru ɗan Asi ya ci Masar da yaƙi a wajajen shekarar 641, tare da shi akwai Sahabbai, suka zauna suka yi mulki, dalar Giza tana tsaye a gabansu ba su ɗauki gatari ba. Gaskiya ne da yawa daga gine-ginen kudu rairayi ya binne su a lokacin, amma ba duka ba. A wajajen 1200 wani malami likita mutumin Bagadaza, Abdullaɗif, ya zo Masar ya zaga ya auna ya rubuta, yana mamakin gwanintar masu aikin, yana kuma zargin masu farfasa su don neman dukiya. A 1196 Sarki Azizu ɗan Salahuddini ya sa ma'aikata su rushe ƙaramar dalar Giza, suka yi wata 8 suna fama, abin da suka iya kawai shi ne wani ɗan rami a gefe guda, yana nan har yau. Kada ma mu yi nisa. Dutsen Dala da ke bayanmu, ba a kansa Barbushe yake ganawa da Tsumburbura ba? Wane yaro ne a cikin birni bai taɓa hawansa ba? Ban taɓa jin an ce wanda ya hau Dala ya sha iska ya koma Maguzanci ba. Bautar ta mutu, dutsen ya saura.

Abin da ya ƙara kwantar min da hankali a kan wannan shi ne abin da muka tarar a Luksor daren farko. A tsakiyar gidan bautar, can sama a kan ginshiƙan Ramsis na 2, masallaci ne zaune daram, na Shehu Abul Hajjaj wanda ya rayu a ƙarni na 13. Lokacin da aka gina shi ƙasa ta cike wurin, masu ginin a ganinsu a kan tudu suke aiki. Da aka zo aka kwashe ƙasar sai ga tsohuwar ƙofar masallacin tana lilo a sama, ba tsani ba matakala. Mutanen gari suka ƙi yarda a taɓa shi, aka bar musu abinsu. Muka zaga ta ƙofar waje muka yi sallar isha a ciki, ga kawunan ginshiƙan nan da rubutun tsuntsaye a jikin bango, liman bai ko kalle su ba. Shekaru ɗaruruwa ana kiran salla a wurin.

Inda nake da ja shi ne amsar Yayana, wadda kuma ita ce amsar kusan duk wanda na ji ya je ya dawo: wai mun je ganin ƙarshen Fir'auna. Wannan wa'azi yana da arha ƙwarai, domin a kan wani yake faɗawa. Na ga yadda ake yinsa. A tsaya gaban mutum-mutumin sarki, a girgiza kai a ce, "Allah Sarki, ina girman kan yake yau?" sannan a gyara hula a miƙa wa yaro waya a ce ya ɗauka da kyau har da kan gunkin. An gama wa'azi, saura abincin rana. Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, to ina ga tudun da ya kai shekara 3,000, ai hangensa ba wuya.

Kuma ma wane Fir'aunan? Kalmar sarauta ce, kamar mu ce Sarki ko Shehu. Sun yi mulki gida-gida har gida 30, tsawon shekara kusan 3,000. Alƙur'ani bai ambaci sunan wanda ya yi zamani da Annabi Musa (AS) ba. Masu jagora suna son su nuna maka Ramsis na 2 ko ɗansa Marnabta, domin sun san abin da Musulmi baƙo yake son ji ke nan. Gidan bautar Idfu kuwa, wanda ya fi kowanne tsira da rufinsa, an fara shi a shekara ta 237 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka gama a ta 57, shekara 180 ana aiki, kuma sarakunan da suka sa aka yi shi jikokin Girkawa ne, tsakaninsu da Ramsis akwai shekara wajen 1,000. Wanda ya tsaya a Idfu yana tsine wa Fir'aunan Musa, kamar mai tsayawa ne a Gidan Makama yana zagin Barbushe.

Idan mutum yana son ya ga cutar sarakunan nan da idonsa, ba sai an gaya masa ba, to ya dubi yadda suka yi da suna. A Karnak akwai wani zaure mai ginshiƙai 134, na tsakiyar tsayinsu ya haura mita 20, yaranmu su shida suka riƙe hannu ba su zagaye ɗaya ba. Ko'ina ka duba sunan sarki ne a cikin wani zobe mai kama da ƙwai. Mai jagoranmu ya nuna mana yadda na Ramsis na 2 ya yi zurfi har hannun mutum yana shigewa. Dalili kuwa, shi da kansa ya kankare sunayen magabatansa a wurare da yawa ya ɗora nasa, don haka ya san abin da na baya za su iya yi masa. A ƙetaren kogi kuma ga ginin Hatshabsut, mace ce da ta yi sarauta shekara wajen 20, bayan mutuwarta aka bi hotunanta da kurfi ana sassaƙewa don a ce ba a taɓa yin ta ba.

To ka ji abin da ya biyo baya. Rubutu na ƙarshe da aka yi da wannan haruffa nasu, a tsibirin Fila aka yi shi, a shekarar 394. Daga nan masu iya karatun suka ƙare. Sai a 1822 wani Bafaranshe, Shamfoliyon, ya gano bakin zaren. Wato shekara sama da 1,400 sunayen nan suna tsaye a rana, manoma suna wucewa da jakunansu, mata suna dafa abinci a gindinsu har hayaƙi ya baƙanta rufin Idfu, babu mai iya cewa ga sunan wane. Duk zurfin sassaƙar nan, zanen tsuntsu da maciji kawai ake gani.

A nan wa'azin ya fara cizo, domin wannan cuta ba ta mutu da Ramsis ba. Ba mu muke ganin an gina rijiyar burtsatse ta kuɗi kaɗan an kafa mata allon da ya kusa fin ta tsada ba? Ba mu muke ganin sabon shugaba ya zo ya cire allon na da, ya shafa fenti, ya sake buɗe aikin da aka riga aka buɗe ba? Kai, har buhun shinkafar sadakar azumi sai an buga hoton mai bayarwa a jiki, talaka ya ɗauko a ka yana tallan fuskar wani. Ni kaina da nake wannan rubutu, ai sai da na tabbatar an sa sunana a bangon littafin. Ba wanda ya tsira, sai dai wani kurfinsa ya fi na wani kaifi.

Wurin da ya fi tsaya min a rai ba ya cikin manyan wuraren da ake rububi. Bayan mun fito daga Kwarin Sarakuna, inda aka haƙa kaburbura sama da 60 a cikin dutse, ciki har da na yaron nan Tutankamun da aka gano a 1922, Hajiya ta gaji da hawa da sauka. Ta dubi mai jagora ta ce da ni, "Tambaye shi, su waɗanda suka yi wannan haƙa a ina suke kwana?" Mutumin ya yi murna da tambayar, ya ce ba kasafai ake yi masa ita ba, ya karkata da motarmu zuwa wani kwari da ake kira Dairul Madina.

Unguwa ce, wallahi unguwa sak irin tamu. Gidaje kusan 70 manne da juna, lungu ɗaya ya ratsa tsakiya, ganuwa ta kewaye su. Bangayen tubali ne a kan harsashin dutse, ba su fi ƙugu ba yanzu, amma kana ganin ɗakin shiga, da na tsakiya, da madafa a baya, da matakalar hawa soro. Hajiya ta tsaya a bakin wani ta ce, "Nan zaure, nan tsakar gida, can kuma murhu." Ba ta buƙaci tafinta ba. A nan masu sassaƙa da masu zane da iyalansu suka zauna shekara wajen 400, ɗa ya gaji uba, kamar yadda ake gadon rini a Ƙofar Mata.

Su waɗannan ba bayi ba ne, ma'aikata ne masu albashi, kuma da yawansu sun iya rubutu. A kan tsingaro da ɓallin dutse suke yi, an tono dubbai. Makonsu kwana 10 ne, 8 na aiki 2 na hutu. Albashinsu hatsi ne, a wata buhu 4 na alkama da buhu 1 da rabi na sha'ir da irin nasu ma'aunin, ban da kifi da mai da itacen girki. Akwai wani ɓallin dutse da ke ajiye a Landan, rajistar zuwa aiki ce ta shekara ta 40 ta mulkin Ramsis na 2, an jera sunan kowa da ranar da bai zo ba da dalilinsa. Wani ciwon ido, wani kunama ta harbe shi, wani yana haɗa giya, wani kuma yana shirya gawar mahaifiyarsa. Da aka fassara wa Hajiya na ƙarshen nan sai ta yi shiru, ta ce, "Allah Sarki, ashe su ma suna da uwa."

A shekara ta 29 ta mulkin Ramsis na 3, sama da shekara 3,100 ke nan, hatsin ya makara kusan kwana 20. Mutanen nan suka ajiye kayan aiki, suka fice daga unguwarsu, suka je suka zauna a bayan gidajen bautar sarakuna inda rumbuna suke, suka ce yunwa da ƙishirwa ne suka kawo su, a sanar da sarki. Manya suka zo da lallashi da alƙawari, suka ƙi tashi sai da aka auna musu. Bayan ɗan lokaci aka sake makara, suka sake fita. Magatakardansu ya rubuta komai, takardar tana birnin Turin na ƙasar Italiya, kuma masana suna lissafa wannan a matsayin yajin aiki mafi daɗewa da aka samu a rubuce. Duk ɗan fansho da ya taɓa zaman jiran tantancewa a rana ya san waɗannan mutane, 'yan'uwansa ne.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Miliyoyin mutane suna zuwa suna cewa kai, Ramsis ya yi gini. Ramsis bai taɓa ɗaga dutse ba. Saboda haka ni ra'ayina, idan akwai hakkin da mai ziyara zai sauke a wuraren nan, to na waɗannan ne, ya tsaya ya san cewa hannu ne ya yi, hannun mai iyali, mai jiran albashi. Kuma a nan ne maganar Baffa ta kuɗi take da ƙarfi. Ba na cewa duk mai hali haramun ne ya huta da iyalinsa, tafiya mabuɗin ilimi ce, abin da yaranmu suka gani a kwana 5 ba za su same shi a aji ba. Amma mutumin da ya sayi tikitin mutum 10 alhali direbansa yana bin sa wata biyu, mai gadinsa yana cin bashin garin kwaki, yaran shagonsa an ce su yi haƙuri kasuwa ba daɗi, wannan ba sai ya je Masar ganin Fir'auna ba, ya sayi madubi ya fi masa arha. Yaya dai na shaida ya sallami kowa kafin mu tashi. Ko hakan ya isa amsa ga maƙwabcin da Baffa ya ambata, wanda ba ya bin mu bashi amma yana jin ƙamshin girkinmu? A nan kam har yau ina ganin Baffa bai faɗi ba.

Tafiyar ruwan kanta ba zan ja ta da tsawo ba. Kogin daga kudu yake gangarowa arewa, don haka mu da muka nufi Aswan hawa muke yi. Dama da hagu dabino ne da rake da ayaba, wani wurin shukar ba ta fi faɗin fili biyu na ƙwallo ba sai hamada ta fara kamar an ja layi. A Isna jirgi yana shiga wani akwatin ruwa a rufe ƙofa a cika shi har ya ɗago, sannan a buɗe ta gaba, yara suka ce ga Ƙofar Ruwa ta gaskiya. 'Yan talla a ƙananan kwale-kwale suna jefo jallabiya a leda har saman jirgi, in ka so ka jefa musu kuɗi, in ba ka so ka mayar, kuma cinikin da Hajiya ta yi da su daga hawa na huɗu ko a Kwari sai haka. A Kom Ombo muka ga busassun kadoji da aka naɗe kamar gawar sarakuna, domin kada suke bauta wa a wurin.

A Kom Ombo ɗin ne wani dattijo baƙi cikin masu kawo mana shayi ya nuna gabas da hannu ya ce can garinsu yake, amma ba can ne garinsu ba. Banube ne. Ga yadda abin yake. Daga 1960 zuwa 1970 gwamnatin Jamal Abdul Nasir ta gina babbar madatsar ruwa a Aswan da taimakon Tarayyar Sobiyat. Ruwan da ya taru a bayanta ya zama tafki mai tsawon kilomita wajen 500, har cikin Sudan. Duk abin da ke wannan kwari zai nutse, da gidajen bauta da garuruwan mutane. Hukumar UNESCO ta yi shela a 1960, ƙasashe wajen 50 suka kawo gudummawa. Daga 1964 zuwa 1968 aka yanka Abu Simbel da zarto gunduwa-gunduwa sama da 1,000, wata ta kai tan 30, aka ɗaga shi mita 65 aka sake haɗawa a kan tudu. Mun je mun gani, tafiyar asuba ce a mota daga Aswan, gumaka 4 na Ramsis kowanne mita 20, sai ka ƙura ido kafin ka ga wurin yankan. An ma kula da lissafin rana, yadda haskenta zai ci gaba da shiga har ƙuryar ɗakin sau biyu a shekara, a watan Fabrairu da na Oktoba. Na tsibirin Fila ma aka kwashe shi zuwa wani tsibirin, aka gama a 1980.

Mutane fa? Nubawa kimanin 100,000 aka tasa. Na ɓangaren Masar aka kai su bayan Kom Ombo a 1963 da 1964, cikin gidaje iri ɗaya a jere, nesa da kogin da suka tashi a bakinsa. Na Wadi Halfa a Sudan aka kai su Hashmul Girba, can gabas. Dabinonsu da kaburburan iyayensu suna ƙarƙashin ruwa. An sa wa kowace gunduwar dutse lamba don kada ta ɓata, an san inda hancin Ramsis zai koma. Dattijon nan kuwa bai san inda zai tsaya ya yi wa kakansa addu'a ba.

Kada a ce na yi son kai, madatsar ta yi amfani. Ta ba ƙauyuka lantarki, ta tsare Masar daga ambaliya, kuma lokacin farin shekarun 1980 da ya gigita Habasha da Sudan, ruwan tafkin ne ya rufa wa Misirawa asiri. Kuma da an bar Abu Simbel ya nutse, ba zai dawo wa Banube ko ɗaya da gidansa ba. Mu ma mun san irinta, da aka gama madatsar Kainji a 1968 tsohuwar Bussa ta nutse aka koma sabuwa. Abin da ya tsaya min shi ne ma'aunin: duniya ta taru ta yi karo-karo saboda sunan sarkin da ya mutu shekara 3,000, ba ta taru haka saboda rayayyu ba. Har bayan mutuwa sarki ne a gaba, talaka a baya. Mu kuma da muke zaune a saman jirgi ana zuba mana shayi, a layin wa muke?

Wannan tambaya ita ta biyo ni gida, domin mu ma muna da namu kangon. Ganuwar Kano, bisa ga tarihin sarakunanmu, Sarki Gijimasu ne ya fara ta, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134. Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, Muhammadu Nazaki ya ƙara a ƙarni na 17. Da Turawa suka zo a 1903, Lugga da kansa ya yi mamakinta. Tun 2007 Najeriya ta sa ta cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta karɓa a matsayin kayan tarihin duniya. Unguwar tamu ma ana danganta sunanta da Abdurrahman Zaite, jagoran Wangarawan da suka zo daga Mali, kuma wannan ganuwa ita ta ba su inuwar da suka zauna suka karantar. Mun haddace sunayen sarakunan. Waɗanda suka haƙo ƙasar har wuraren suka zama kududdufai, da matan da suka ɗebo ruwa, da waɗanda suka taka kwaɓi suka mulmula tubali ɗaya-ɗaya, ba mu da sunan ko mutum guda. Ma'aikatan Dairul Madina sun fi su sa'a, su sun bar tsingaro. Namu ba su bar komai ba sai badalar kanta, ita ce kaɗai rajistarsu.

Ka bi ta Ƙofar Na'isa zuwa Gadon Ƙaya zuwa Kabuga ka ga abin da ya rage. Wani wurin tudu ne da akuyoyi, wani wurin juji, wani wurin shaguna sun hau kai. A nan ma sai an yi adalci, domin masu cin badala iri biyu ne. Akwai talakan da gida ya yi wa kaɗan, 'ya'ya sun girma, fili ya gagara, ya ɗebi ƙasa ya yi ɗaki. Wannan ɗan'uwan Banuben nan ne, duk wanda zai ce masa ya tashi saboda tarihi, to ya fara nuna masa inda zai kwana. Akwai kuma mai hali da ya samu takarda ya kawo katafila cikin dare ya baje aikin shekara 900, ya kafa rukunin shaguna, ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe a goshin ginin. Wannan na san wanda ya gada. Abin takaici, wani lokacin shi ne kuma za ka haɗu da shi a saman jirgin Nilu yana cewa Misirawa sun iya adana tarihi.

Akwai wani tsohon magini a lungunmu, cikin 'yan kaɗan da suka rage masu iya ɗaurin guga da azara, yanzu ƙarfi ya ƙare sai zaman ƙofar gida. Na kai masa tsarabar dabino da carbi, na zauna ina nuna masa hotuna a waya. Gumakan ba su dame shi ba, da yatsa yake ture su. Da muka zo kan wata ƙofar Karnak ya ce in tsaya, in ƙara girman wurin da dutse ya haɗu da dutse. Ya daɗe yana kallo ya ce, "Babu kwaɓi a tsakani?" Na ce ɗan kaɗan ne, dutsen ne aka goge har ya zauna. Ya ce, "Da me suka ɗaga na saman?" Na ce tudun ƙasa da tubali suke yi a jikin bangon su jawo dutsen da igiya, in sun gama su kwashe, har yau akwai ragowar irin wannan tudu a bayan ƙofar farko, ba a kwashe ba. Ya ce in nuna masa. Na nemo hoton, ga tubalin laka nan jere a jingine da dutse. Ya kawo wayar dab da idonsa, ya ce nasu mai kusurwa ne ba mulmulalle irin namu ba, amma akwai ramno a ciki, yana gani.

Sannan ya tambaye ni me ake ba su su ci, na ce gurasa da kifi da albasa. Ya ce, "A kan lokaci?" Na ba shi labarin kwana 20 ɗin nan. Ya yi dariya har da tari, ya miƙo min wayar, ya ce in tura wa jikansa hoton tubalin, shi kaɗai yake so.